Zaman ɗalibi a gidan masu masauki

Zaman ɗalibi a gidan masu masauki tsari ne da ɗalibin da ya bar garinsu ko ƙasarsu don neman ilimi yake zama cikin wani iyali da ba nasa ba. A gidan yake kwana, a nan yake cin abinci, kuma dokokin gidan yake bi har ya kammala karatunsa ko wani zango na karatun. Ya bambanta da zaman ɗakin kwanan ɗalibai, inda hukumar makaranta ce ke kula da ɗalibi. Ya kuma bambanta da zaman haya, inda abin da ke tsakanin ɗalibi da mai gida bai wuce kuɗin ɗaki ba. A gidan masu masauki ana ɗaukar ɗalibi kamar ɗan gida, yana da haƙƙi a kan mutanen gidan, su ma suna da haƙƙi a kansa.

Wannan tsari ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan makarantun boko, domin fatake da almajirai da maniyyata aikin hajji duk a gidajen mutane suke sauka. A birnin Kano an fi ganinsa a unguwannin da suka saba karɓar baƙi, irin su Fagge da Sabon Gari da Rijiyar Lemo. A ƙarni na 20 wasu ƙungiyoyi a Amurka da Turai sun mayar da shi shiri mai dokoki a rubuce, wanda ɗaliban Najeriya ma suke shiga.

## Kalmomin da ake amfani da su

Hausa tana da kalmomi da yawa da suka shafi wannan zama, kuma kowace tana nuna irin dangantakar da ke tsakanin mutanen biyu. *Mai masauki* shi ne wanda ya sauki baƙo a gidansa. *Fatoma* shi ne wanda sana'arsa ce saukar fatake da haɗa su da masu saye. *Riƙo* shi ne mutum ya karɓi yaron wani, galibi ɗan ɗan'uwa, ya ci gaba da tarbiyyarsa, wanda ya karɓa kuwa shi ne *mariƙi*. *Uban ɗaki* da *uwar ɗaki* su ne manyan da yaro ko saurayi yake yi wa hidima, su kuma suna taimaka masa da abinci da sutura da shawara. Ɗalibin da ke zaune a gidan wasu yakan faɗa cikin ɗaya daga waɗannan rukunai, wani lokaci ma ya haɗa biyu.

## Tarihi a ƙasar Hausa

### Fatauci da masauki

Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, da Azbinawan da suke kawo gishirin Bilma, suna buƙatar wurin kwana da wurin ajiyar kaya da wanda zai tsaya musu a garin da ba su san kowa ba. Daga nan aka samu zango-zango na Hausawa a garuruwa irin su Salaga da Kumasi da Ibadan. Polly Hill ta yi rubutu a 1966 a kan masu masaukin Kumasi. Abner Cohen kuma ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya wallafa littafinsa a 1969. Dukansu sun nuna cewa mai masauki yana ba baƙo ɗaki da abinci, yana kuma tsaya masa idan batun bashi ko rigima ya taso. Malamai da almajirai sun bi waɗannan hanyoyi na fatake, sun sauka a waɗannan gidaje.

### Neman ilimi

A karatun allo, malami yakan tafi da almajiransa wani gari, su sauka a zauren wani mai hali ko a gefen masallaci. Almajiri yakan samu gida guda da yake yi wa aike da shara da ɗebo ruwa, uwar ɗakinsa kuma ta riƙa ajiye masa abinci. Hannah Hoechner ta bayyana wannan dangantaka a littafin da ta wallafa a 2018 bayan binciken da ta yi a cikin birnin Kano da kuma Albasu.

A karatun zaure kuwa, inda ake karanta littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri, manyan ɗalibai daga nesa sukan zauna a gidan malaminsu ko a gidajen maƙwabtansa shekara da shekaru. Unguwar Madabo ta shahara da haka tun da daɗewa. A ƙarni na 20 gidajen malamai irin su Malam Muhammadu Salga da Shehu Atiku Sanka da Shehu Nasiru Kabara sun karɓi ɗalibai daga sassa daban-daban. Mutanen Kano su ma sun tafi Kaulaha a Senegal, wajen Shehu Ibrahim Inyass (1900–1975), suka zauna a unguwar Madina da ya kafa. Tun kafin wannan da ƙarnoni, a wajajen shekarun 1240, mutanen Kanem sun gina makarantar Ibn Rashik a Alƙahira domin ɗalibai da matafiyansu su samu masauki.

## Fagge, Sabon Gari da Rijiyar Lemo

Fagge tana bayan ganuwar Kano. Masana tarihi da dama suna danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), a matsayin masaukin fataken da ke zuwa daga arewa. Har yanzu 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru suna zuwa kasuwar Kantin Kwari da ke yankin. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne a wajajen 1913, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A can, sabon zuwa yakan sauka wajen ɗan garinsu, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da majami'u kuma su taimaka masa ya samu makaranta ko aiki.

Rijiyar Lemo tana cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Fagge. Tana kan hanyar Katsina, wadda ta wuce har Jibiya da Maraɗi, kuma ta cika da jama'a ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, lokacin da mutane suka yi ta ƙaura zuwa Kano daga ƙauyuka da wasu jihohi. Da yake yawancin magidantan irin waɗannan unguwanni suna da dangi a garuruwansu na asali, gidajensu sukan zama masaukin 'ya'yan 'yan'uwa da suka zo karatu.

Makarantun da ke jawo ɗalibai zuwa Kano sun haɗa da Makarantar Nazarin Larabci, wadda ta fara a 1934 a matsayin makarantar koyon shari'a, da Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da kwalejojin ilimi da Islamiyyu da makarantun haddar Alƙur'ani. Ɗakunan kwanan manyan makarantu ba sa isar ɗalibai, haya kuma tana da tsada, don haka iyaye da yawa sukan nemi wanda za su damƙa wa ɗansu amana. Game da 'ya mace, iyaye da dama ba sa yarda ta zauna a haya ita kaɗai, saboda haka samun gidan da za ta zauna shi ne yakan yanke hukuncin ko za ta ci gaba da karatu ko ba za ta ci gaba ba.

Tafiyar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Ɗalibai daga Kano suna zuwa Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, da Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, da Jami'ar Azhar a Masar. Kafin yaƙin Sudan na 2023 kuma sun riƙa zuwa Jami'ar Afirka ta Duniya a Khartum.

## Tsarin zamani a ƙasashen waje

Ƙungiyar Experiment in International Living, wadda Donald Watt ya kafa a Amurka a 1932, tana cikin na farko da suka riƙa sanya matasa a gidajen iyalai a wata ƙasa domin su koyi harshe da al'ada. Ƙungiyar AFS ta fara kai ɗaliban sakandare Amurka a 1947. A 2002 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin YES, wanda ake kira da sunan sanatoci Edward Kennedy da Richard Lugar. Shirin ya riƙa kai ɗaliban sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi su yi shekarar karatu ɗaya a gidajen Amurkawa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fara tura ɗalibai a 2003.

A irin wannan shiri na sakandare a Amurka ba a biyan iyalin da suka karɓi ɗalibi. Doka ta tanadi a binciki tarihin duk wani baligi da ke gidan, a ba ɗalibi gadonsa shi kaɗai, kuma wakilin shirin ya tuntuɓe shi aƙalla sau ɗaya a wata. A Ingila kuwa, ɗaliban makarantun koyon Turanci sukan biya kuɗin mako na ɗaki da abinci. Idan yaron bai kai shekara 16 ba, kuma zai yi kwana 28 ko fiye a gidan wanda ba ɗan'uwansa na kusa ba ne, dole a sanar da hukumar yankin.

Baƙi ma sun zauna a gidajen mutanen wannan yanki. Ma'aikatan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, sukan fara da zama a gidajen mutanen Hamdallaye, kusa da Yamai, suna koyon Hausa ko Zabarmanci kafin a tura su ƙauyuka.

## Matakan sabo

Masanin al'adu Kalervo Oberg ya yi wata lacca a Brazil a 1954, wadda aka buga a 1960, inda ya bayyana ruɗanin da mutum ke shiga idan ya rasa alamomin da ya saba da su na mu'amala. Ya kasa lamarin mataki huɗu: lokacin ɗoki, lokacin ƙunci da ganin laifin mutanen gari, lokacin farfaɗowa, sai lokacin sabo. A 1955 Sverre Lysgaard ya yi nazari a kan mutanen Norway 200 da suka yi karatu a Amurka. Ya ga cewa waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi jin wahalar zama a kan waɗanda suka yi ƙasa da haka ko fiye da haka.

Ba duka masana ne suka yarda da wannan jeri ba. Colleen Ward da abokan aikinta sun bi diddigin ɗaliban Japan a New Zealand, suka wallafa sakamakon a 1998, inda suka nuna cewa damuwar ta fi tsanani ne a farkon isowa, daga baya take raguwa. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, sabo yana ɗaukar watanni, kuma kewar gida ba alama ba ce ta cewa zaman ya lalace.

Hausawa ma suna da nasu awo. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa haƙƙin liyafar baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ne. Karin maganar da ke cewa baƙo raɓa ne tana nufin mai wucewa. Ɗalibin da zai yi shekara huɗu ba mai wucewa ba ne. Bayan 'yan kwanaki za a daina kai masa abinci na musamman, a fara aikensa, a fara yi masa faɗa idan ya yi laifi. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki wannan sauyi a matsayin an gaji da su, alhali sau da yawa yana nufin an mayar da su 'yan gida.

## Abubuwan da ɗalibi ke sabawa da su

### Tsarin gida

A gidan Bahaushe na gargajiya akwai soro ko zaure, sai tsakar gida da ɗakunan mata, sai turakar maigida. Saurayin da ya balaga ba muharramin matan gidan ba ne idan babu dangantakar jini ta kusa ko ta shayarwa, kuma zama a gidan komai daɗewa ba ya sauya wannan hukunci a fiƙihu. Shi ya sa ake ajiye shi a shago, wato ɗakin samari da ke bakin ƙofa, ba ya kuma shiga cikin gida sai da sallama da izini. Suratun Nur ta yi bayanin neman izini kafin shiga gida, da lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini. Ɗaliba kuwa takan kwana ɗaki ɗaya da 'yan matan gidan, kuma akan so ta dawo kafin magariba. Wannan yakan ci karo da laccar yamma, musamman ga wadda za ta taso daga sabuwar harabar Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo zuwa hanyar Katsina, don haka akan buƙaci a nuna wa mutanen gida jadawalin karatu tun farkon zango.

A gidajen Amurka da Turai abin da ɗalibin Najeriya ya fi mamaki shi ne a ba shi ɗaki shi kaɗai, ana rufe ƙofa, ba a shiga sai an ƙwanƙwasa, kuma wasu gidajen suna da kare a ciki. Idan ya yawaita zama a ɗaki don kunya, mutanen gidan sukan zaci ba ya son hulɗa da su.

### Gaisuwa da kiran suna

Ba a kiran manyan gida da sunansu. Maigida yakan zama Baba ko Abba ko Alhaji ko Baffa ko Kawu, uwargida kuma Hajiya ko Umma ko Inna ko Gwaggo, gwargwadon yadda 'ya'yan gidan ke kiransu da kuma dangantakar da ke tsakani. Wanda ya girme shi a cikin 'ya'yan gida Yaya ne. Ana gaishe da manya a durƙushe kowace safiya, ana kuma ce musu "kun tashi lafiya" maimakon "ka tashi lafiya". A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, gaida ɗaya a bar ɗaya yana iya jefa ɗalibi cikin rigimar da ba tasa ba. A ƙasashen Turawa kuwa za a iya ce masa ya kira uwar gidan da sunanta, kuma sunkuyar da kai, wanda ladabi ne a Kano, can ana iya ɗaukarsa rashin gaskiya.

### Abinci

Kunya ita ce babbar matsala a nan. Bahaushe yakan ce ya ƙoshi sau ɗaya ko biyu kafin ya karɓi tayi. A Kano an san haka, za a sake yi masa tayi. A gidan Bature idan ya ce ya ƙoshi, an gama magana. Ɗalibi Musulmi a gidan da ba na Musulmi ba yana buƙatar ya yi bayanin naman alade da giya da yanka da lokutan sahur da buɗa-baki tun ranar farko. Haka shi ma ɗalibi Kirista da ke zaune a gidan Musulmi yakan tarar da lokutan girki sun sauya a watan azumi.

### Aiki da kuɗi

A tsarin dangi ba a yanka kuɗi. Iyayen ɗalibi sukan aiko da buhun gero ko masara ko wake bayan kaka, shi kuma ya riƙa zuwa cefane, ya koya wa yara karatu, ko ya tsare shagon maigida a ranakun hutu. Da yake ba a faɗar iyakar abin da ake tsammani daga kowa, a nan saɓani ya fi tasowa: mutanen gida su ga ɗalibi yana ƙyuya, shi kuma ya ga aiki yana cinye masa lokacin karatu.

### Harshe

Ko tsakanin Hausawa akwai bambancin karin harshe. Mutumin Maraɗi ko Sakkwato yakan ce *zamna* da *hita* da *kuɗɗi*, inda Bakano zai ce *zauna* da *fita* da *kuɗi*. Hausar Nijar ta ari kalmomi daga Faransanci, kamar *lakwal* wato makarantar boko, da *mushe* wato malaminta. Lissafin kuɗi ma ya bambanta, domin a Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Yaran gida sukan yi wa baƙo dariya a kan irin waɗannan kalmomi, amma su ne kuma suka fi saurin koya masa karin garin.

Ana yawan zaton cewa zama da iyali shi kaɗai ya isa mutum ya iya harshe. Binciken William Rivers na 1998 a kan Amurkawan da suka je koyon Rashanci ya nuna cewa waɗanda suka zauna a gidajen iyalai ba su fi na ɗakunan kwana ci gaba a magana ba. Abin da ke kawo ci gaba shi ne yawan hira da mutanen gida, ba kwana a gidan kawai ba.

## Matsaloli da kariya

Babban haɗarin wannan zama shi ne ɗalibi yana ƙarƙashin ikon wanda yake ci da shi, iyayensa kuma suna nesa. Akan samu yarinyar da aka kawo da sunan karatu ta koma 'yar aiki ko 'yar talla. Akan samu cin zarafi da ake ɓoyewa don gudun ɓata zumunci. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, sun shafi irin wannan. Dokar ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Masu masauki su ma suna da nasu haɗari, domin idan ɗalibi ya faɗa shaye-shaye ko ya yi rashin lafiya ko ya ɓata, su za a fara tambaya.

Abubuwan da suka fi ƙarfin gida ma suna taɓa zaman. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatocin jihohin arewa, har da Kano, sun mayar da almajirai jihohinsu na asali. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sa aka kwaso ɗaliban Najeriya ta Masar da Port Sudan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, an rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris 2024, abin da ya wahalar da zirga-zirgar ɗalibai da aiken guzuri.

Shirye-shiryen zamani suna rage haɗari ta hanyar sanya mutum na uku, wanda ba ɗan gidan ba, da ɗalibi zai kai wa kuka, tare da ba shi damar sauya gida. A tsarin gargajiya wannan matsayi yana hannun wanda ya haɗa zaman, ko malamin ɗalibin, ko mai unguwa. Inda iyaye suke kiran waya a kai a kai, suke kuma zuwa da kansu su ga inda ɗansu yake kwana, an fi saurin gano matsala.

## Bayan karatu

John da Jeanne Gullahorn sun nuna a 1963 cewa wanda ya dawo gida yakan sake shiga wani ruɗanin, domin ya sauya, gidan ma ya sauya. Ɗalibin da ya dawo ƙauye daga Kano, ko ya dawo Kano daga ƙasar waje, yakan sha zargin girman kai saboda sabon karin magana ko sabon tsarin cin abinci. A ƙasar Hausa dangantaka da gidan da aka zauna ba ta ƙarewa da kammala karatu. Tsohon ɗalibi yakan ci gaba da zuwa gaisuwar sallah da biki da ta'aziyya, wani lokaci aure ya shiga tsakanin gidajen biyu, kuma idan ya yi nasa gida akan turo masa 'ya'yan masu masaukinsa su zauna a wajensa su yi karatu.

## Duba kuma

* Almajiranci
* Fagge
* Sabon Gari, Kano
* Riƙon yara a ƙasar Hausa
* Karin harshen Hausa